Lalle, zoɓo da man riɗi a kan kujerar mota

Duk wanda ya taɓa ɗauko 'yan biki daga Mai Wurno zuwa Sinnar ya san abin da yake tararwa a kujerar baya idan an sauka: ɗigon zoɓo, wanda a nan ake kira karkade, maiƙon riɗi da ya tsiyayo daga jarka, wani lokacin har da shatin yatsu biyar na lalle. Ga ɗan kasuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mota jari ce, kuma ranar da za ka sayar da ita, kafin dillali ya buɗe inji ya riga ya leƙa kujeru ya rage kuɗi a ransa.

Da farko ka tabbatar fata ce. Ka sa hannu ƙarƙashin kujera ka juyo bakin ɗinkin: bayan fata ta gaskiya yana da gashi-gashi, na roba kuwa yadi ne aka manna. Roba tana jure wanki, fata ba ta yafe ganganci.

Lalle shi ne babban abokin gaba. Sinadarin da ke sa shi kama tafin hannu haka yake kama fatar kujera, don ita ma fatar dabba ce. Abin da ke cetonka shi ne fentin da kamfani ya shafa a samanta. Idan lallen ɗanye ne, a kwashe shi da bakin cokali, a dinga dannawa da tsumma mai laima. Kada a goga, gugar ce ke tura shi cikin tsagar fenti. In ya kwana ya shige, gaskiya sai dai mai gyaran kujeru ya sake rina wurin. Shi ya sa Hajiya, in an yi wa amarya ƙunshi, a shimfiɗa tsohon zane tun kafin ta shiga.

Maiƙo ya fi sauƙi: a barbaɗa hoda ko garin sitaci, a bari ya kwana ya tsotse, da safe a kakkaɓe. Zoɓo da jabana, sabulu mai laushi kaɗan a ruwa ya isa. Baƙar lakar Jazira kuwa a ƙyale ta ta bushe, ta fi fita da buroshi.

Akwai matsalar da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙaro. Motocin da aka kulle aka bari a Madani da Sinja sun ci damina a rufe, masu su suka dawo suka tarar da funfuna. A sa takunkumi, a buɗe ƙofofi, a haɗa ruwan khal da ruwa daidai-wa-daida a goge, amma a fara gwadawa a wurin da ido ba ya gani.

Abin da ya fi ɓata kujeru shi ne yaran wanki da ke zuba Omo, bilic ko fetur. Tabon zai tafi, fentin ma ya bi shi, sai rana ta ƙarasa aikin, domin a Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40. A shanya a inuwa, sannan a shafa man kula da fata na kanti. Man gyaɗa da man riɗi ban da su: ƙura suke kamawa, su yi wari, su kuma ɓata farar jallabiyar fasinja.