Tekun da ya bar farar ƙasa a Malbaza da Kalambaina

Dutsen farar ƙasa da ake fasawa a Malbaza cikin jihar Tawa, da na Kalambaina kusa da Sakkwato, a ƙarƙashin teku ya samu. Ɓawon ƙananan halittun ruwa ne ya yi ta kwantawa, wani kan wani, har ya daskare ya zama dutse, shekaru kimanin miliyan 60 da suka wuce. Buhun simintin da ake saukewa a Mayahi ko Tasawa, in daga can ya fito, da ragowar wannan teku aka yi shi.

Tekun ba mai zurfi ba ne. Ya ratso Sahara daga arewa, ya mamaye kwarin da masana ke kira Iullemmeden, wanda ya haɗa gabashin Mali da yammacin Nijar da ƙasar Sakkwato, yana cika yana janyewa. Ƙasar Sarkin Hausa, can wajen Mayahi, tana gefen gabas na kwarin. A nan rairayi ne ya lulluɓe komai, shi ya sa mai haƙar rijiya ya fi cin karo da yashi da tsakuwa. A tuddan Adar kuwa, ƙoƙunan halittun teku da suka zama dutse a fili ake tsintarsu.

To, tun da teku ne, ina ƙasusuwan dolfin, dabbar nan mai siffar kifi amma mai shaƙar iska da shayar da nono? Dutsen farar ƙasar nan ya girme ta. Kakannin danginta sun fara shiga ruwa ne shekaru wajen miliyan 50 baya, a yankin Pakistan ta yau, lokacin da tekun Sahara ke kan ƙafewa. Dolfin irin na yanzu sai can daga baya ƙwarai ya bayyana. Mai neman tsofaffin danginsa sai ya nufi Wadi al-Hitan a Masar, ko Ameki a kudancin Nijeriya, inda aka tono muƙamuƙin wata dabba da aka raɗa wa suna Pappocetus lugardi, don girmama Gwamna Lugga.

Masu farautar tekun ƙasar Hausa wasu ne daban: manyan ƙadangarun ruwa masu ƙafafu kamar filafilin kwalekwale, da ake kira mosaso. An samu ƙasusuwansu a shimfiɗun da ke ƙasa da farar ƙasar. Ɗaya ya ɗauki sunan Goronyo, wato Goronyosaurus, a 1972. Wani kuma, Igdamanosaurus, mai haƙora dunƙulallu na fasa ɓawo, ya ci sunan tsaunin Igdaman na jihar Tawa a 1991. Sun ƙare tare da dabbobin nan da ake kira dinoso shekaru miliyan 66 da suka shige, kafin dutsen Kalambaina ya kwanta. Kadojin teku da kunkuru kuwa sun tsira, kuma an tono nasu ƙasusuwan a ƙasar Sakkwato.