Ko Kun Sani? Tsakuwa a Maɓuɓɓugar Yawu

Ba a ƙoda kaɗai tsakuwa ke fitowa ba, har a maɓuɓɓugar yawu, galibi ta ƙarƙashin muƙamuƙi. Idan ta toshe hanya, wurin kan kumbura da zafi da an fara cin abinci, balle mai tsami. Ko kumburin ya daɗe, ba kasafai yake da alaƙa da sankara ba.

Cutar maɓuɓɓugar yawu da likitoci ke sa wa ido saboda sankara ita ce wadda likitan ido ɗan Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana a 1933. Garkuwar jiki ce ke afka wa maɓuɓɓugar yawu da ta hawaye, baki da ido su bushe. Mata ta fi kamawa, kuma kaɗan daga cikin masu ita kan kamu da sankarar limfoma.