Fayil ya ɓace ko an yi kutse: abin da ake yi a sa'ar farko

Ranar 27 ga Yuni, 2017, kwamfutocin Maersk, katafaren kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na ƙasar Denmak, suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna NotPetya ce ta shigo ta cikin manhajar lissafin haraji ta M.E.Doc da ake amfani da ita a Yukren, ta bi layin kamfanin har sassan duniya. Manyan motoci suka yi cirko-cirko a ƙofar tashoshin jiragen ruwa, babu mai iya cewa ga kwantenar da za su ɗauka.

Abin da ya fi tayar wa injiniyoyi hankali shi ne na'urorin da ke riƙe da sunayen ma'aikata da izinin shigarsu, wajen 150, sun tafi gaba ɗaya, domin duk a haɗe suke. Sai aka samu guda ɗaya da rai a ofishin kamfanin na Ghana. An ɗauke wuta a can kafin harin, na'urar ta rabu da layi, ta tsira. Kamar yadda mujallar Wired ta ba da labari, ma'aikatan Ghana ba su da bizar Ingila, don haka wani ya kawo faifan Najeriya, wani kuma ya karɓa a filin jirgi ya wuce da shi Landan. Daga nan aka fara gini. Shugaban kamfanin ya ce cikin kwana goma sun sake ɗora manhaja a kan kwamfutoci 45,000 da uwar garke 4,000, asarar kuwa ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Sai dai yawancin asarar fayil da talaka ke yi ba ta kutse ba ce. Yatsa ne ke kuskure, ko yaro ya taɓa waya, ko filasha ta ce sai an yi mata fomat. A nan akwai abin da ya kamata kowa ya sani: goge fayil ba ya kawar da shi nan take. Kwamfuta tana cire sunansa ne kawai daga rajista, ta rubuta cewa wurin babu kowa, kamar mai gida ya soke sunan ɗan haya alhali kayansa na cikin ɗaki har sai sabon ɗan haya ya tare. Saboda haka duk hoton da aka ɗauka bayan gogewa, duk manhajar da aka sauke, tana iya hawa kan abin da ake nema. Ɗalibin da kundin bincikensa ya ɓace daga filasha, mafi alherin abin da zai yi shi ne ya zare ta ya ajiye, kada ya ƙara zuba mata ko shafi ɗaya.

Bayan haka sai a duba kwandon shara na kwamfutar, da na Google Drive, wanda ke riƙe abin da aka goge kwana 30. In babu, akwai manhajojin kyauta irin su Recuva da PhotoRec da ke bin faifai lungu-lungu. Sharaɗinsu ɗaya ne, kuma nan mutane da yawa ke yin ɓarna: ba a ɗora su a kan faifan da ake son ceto, ba a kuma zuba abin da aka ceto a kansa. Katin memori da tsohon faifai mai juyawa sun fi sauƙin ceto. Sabon faifai na SSD yakan share wurin da kansa jim kaɗan bayan gogewa. Faifan da ke ƙara ƙas-ƙas kuwa ciwonsa na jiki ne, a kashe shi a kai wa gwani, domin kowace kunnawa tana ƙara masa rauni.

Kutse yana da nasa alamu. Kalmar sirri ta ƙi shiga, abokai su ce an aiko musu saƙon roƙon kuɗi, ko fayiloli su canza suna su ƙi buɗewa. Matakin farko shi ne raba na'urar da intanet: a zare kebul ɗin intanet, a kashe Wi-Fi da data. Kada a yi gaggawar yin fomat, domin shaida na tafiya tare da shi. A ɗauki hoton allon da wata wayar. Sannan a canza kalmomin sirri daga wata na'ura mai tsabta, a fara da imel, tunda ta nan ake sake buɗe Facebook da sauran asusu. In akwai manhajar banki a ciki, a kira bankin ya rufe asusun kafin komai. Wanda aka ƙwace wa WhatsApp, galibi ta hanyar yaudararsa ya karanto lambobi shida da aka turo masa, zai iya sake rajista da layinsa, wanda hakan ke fitar da ɓarawon, sai ya sa lambar sirri ta mataki na biyu.

Batun biyan kuɗin fansa domin a buɗe fayilolin da masu kutse suka kulle yana da ciwo, kuma ba a ganin laifin mai shagon da lissafin shekara goma ya kulle idan zuciyarsa ta raya masa ya biya. Amma NotPetya ta nemi dala 300, alhali an gina ta ne yadda ko an biya babu abin da zai dawo. Tun 2016 hukumar Europol da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka buɗe shafin No More Ransom, inda ake samun mabuɗan wasu ire-iren waɗannan manhajoji kyauta. Ko ba a samu ba yau, a adana fayilolin da aka kulle, domin ana ƙara sababbin mabuɗai. A Najeriya kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta kutse, kuma rundunar 'yan sanda tana da cibiya ta musamman da ke karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, tare da hotunan allo da lambobin asusun da aka nemi a tura wa kuɗi.