Fatsa Cikin Ruwan Laka

Ɗan'uwa mai karatu, ka san yadda tsakiyar damana take. Gero ya yi bununi amma bai nuna ba. Rumbu ya yi ƙasa. Tuwo ana cin shi da miyar kuka, nama sai ranar kasuwa, in ma an samu. To, a wanga lokaci ne tabkuna ke cika. Ruwa ya malale cikin fadama, ya haye ciyawa, ya kama gindin itatuwa. Ruwan kuwa jajir yake, wani wuri kamar kunu. In ka tsoma hannu ba ka ganin yatsunka.

Mutane da dama su kan ce: "Ruwan ga ba ya kamuwa, sai ya kwanta." Sai su rataye fatsa su jira kaka. Alhali kifi na nan ciki, kuma da yunwa yake. Wanda ya san inda yake laɓewa ba ya komowa gida da hannu banza.

Tabkunanmu da kifinsu

Ƙasar Gesheme tana cikin Dallol Mauri. Dallol tsohon gulbi ne da ya daina gudu tun zamanin da ba wanda ya gani. Ya biyo ta Matankari da Dogon Dutsi, ya ratso ƙasarmu, ya gangara kudu har ya kai kogin Kwara a ƙasar Gaya. Ruwa na kusa cikin ƙasa, shi ya sa rake da rogo ke yi a fadama. In ruwan sama ya sauka, sai koramu su kwaso ƙasa daga tudu su zuba cikin tabki. Abin da ke gurɓata ruwan ke nan. A 2024 an yi ruwa ƙwarai a Nijar, har wuraren da ba su saba riƙe ruwa ba suka zama tabki.

Wani tabki kan ƙafe kafin sanyi ya wuce, wani kuma ya kai bazara. Cikin masu daɗewa ne ma'aikatan ruwa da daji kan zuba ɗiyan kifi, kamar tarwaɗa da karfasa, wani wuri har da giwan ruwa. Gaiwa kuwa ba ta jiran kowa ya kawo ta. In ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙinta, ta kwanta wata da watanni. Ruwan fari na sauka ta fito.

Yaya kifi ke samun abinci in ba ya gani?

Ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci. In ka gane amsarta, sauran aikin mai sauƙi ne.

Ran da ka sayi karfasa, ka duba gefen jikinta da kyau. Za ka ga wani ɗan siririn layi daga bayan kai ya nufi wutsiya. Da wanga layi kifi ke jin motsin ruwa. Ƙwaro in ya faɗo, ko kwaɗo in ya wuce, ko kai in ka taka da ƙarfi bakin tabki, duk yana ji. Ba ya bukatar ido.

Tarwaɗa ta ma fi haka. Idanunta ƙanana ne, ba ta dogara da su. Tana da gashin baki guda takwas, da su take lalube tana ɗanɗanar abin da ta taɓa. Hancinta kuma na jin wari daga nesa. Shi ya sa dare ya fi mata daɗin kiwo, kuma ruwan laka kamar dare yake gare ta. Ban da haka, tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska irin tamu. Ruwan da zai kashe wani kifi, ita tana zaune cikinshi lafiya lau.

Sai ka riƙe abu biyu. Na farko, cikin ruwan laka kifi ba ya yawo tsakiyar tabki. Yana manne da wani abu: gindin giyayya ko bagaruwa da ruwa ya ci, ko kututture, ko bakin kacalla, ko ƙarƙashin ganyen bado. Nan abinci yake, domin tana da gara da fara duk sun taru inda ruwa ya kore su. Na biyu, ba ya bin zurfi. Sau da yawa babbar tarwaɗa na kwance inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Mai jefa ƙugiya can nesa tsakiyar ruwa, ya tsallake kifin ne ya bar shi bayanshi.

Wata dabara daga Amurka

Can Amurka akwai wani kifi da suke kira bas. Mafarauci ne, yana cin ƙananan kifi da kwaɗi, kamar giwan ruwa. Masu kama shi na da wata ƙugiya da suke ce wa jig. An zuba mata dalma a kai don ta yi nauyi. An ɗaura mata gashi ko zaren roba mai laushi, ya rufe ta kamar bante. Gaban bakinta kuma akwai ƴan tsinkaye masu ɗan tauri da ke hana ta maƙalewa a reshe. In gulbi ya cika ya shiga daji, ruwa ya gurɓace, ba su jefa ta nesa. Su kan matso kusa, su saka ta cikin duhuwar itace, ta nutse, su ɗaga kaɗan, su sake. Su kan zaɓi baƙa ko shuɗiya, don cikin ruwan laka abu mai duhu ya fi fita. Wasu har ɗan abu mai kacau-kacau suke sa mata, don kifi ya ji.

Ba na ce ka je neman jig kasuwa ba. Ko ka same ta, a ganina tarwaɗa ba za ta kula ta sosai ba, domin gashin roba ba shi da wari. Giwan ruwa ne kan bi irin wannan abu, shi kuwa ya fi son babban ruwa mai zurfi. Abin ɗauka gare mu shi ne dabarar: ƙugiya mai nauyi, zare gajere, a kai wa kifi abinci har bakin ɗakinshi, a ɗan motsa. In ka haɗa wannan da koto mai wari, ka gama.

Haɗa kayan

Nemi sanda doguwa mai ƙarfi, kamar gaba biyu, wadda ke lanƙwasa ba ta karye ba. Ɗaura mata zaren roba mai kauri. Kada ka ji tsoron kauri, ai kifin ba ya ganin shi. Siririn zare na ruwan garau ne, cikin ƙaya da reshe tsinkewa yake. Tsawon zaren kada ya wuce tsawon sandar. Dogon zare cikin duhuwa wahala ce kawai.

Ƙugiya matsakaiciya ta isa. Ka matse ɗan guntun dalma a jikin zare, kamar yatsa uku sama da ƙugiya. In ba dalma, ƙaramin noti na keke ko na babur ya yi. Nauyin shi ke sa koto ya ratsa ciyawa ya sauka daidai inda ka nufa. Amma kada ka matse dalma da haƙori kamar yadda wasu ke yi. Dalma guba ce, tana taruwa cikin jiki, ta fi yi wa yara lahani. Ka sa dutse ko filaya.

Koto kuwa ba sai ka saya ba. Tana ita ce gaba. Akwai gara, da fara, da hanjin kaza, da ɗan ƙaramin kwaɗo. Wasu masunta har guntun sabulu suke sa wa tarwaɗa. Ga inda hikima take: ka tura ƙugiya cikin koto har tsininta ya ɓuya. Tsinin da ke waje shi ke kama ciyawa. In ya ɓuya, ƙugiya za ta shiga ta fita ba ta maƙale ba, sa'ad da kifi ya haɗiya kuma ka fizga, tsinin zai huda ya fito.

Bakin ruwa

Asuba da almuru sun fi. Haka kuma bayan an ɗauke ruwan sama, musamman inda korama ke shiga tabki, don tana kawo abinci.

Ka taho sannu, ba surutu, ba buga ƙafa. Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma. Cikin ruwan laka ba ya ganinka, amma yana jinka. Tsaya inda ƙasa ke da tauri. Duba ka ga ɗan fili tsakanin ciyawa, ko da faɗin faifai ne, ko gefen kututture. Miƙa sanda, ka sauke koto a hankali, kada ya yi tsulum. Bar shi ya taɓa ƙasa. Za ka gane, domin zare zai saki.

To, yanzu ɗaga shi kamar taƙi guda, ka mayar. Ƙidaya zuwa ashirin cikin ranka. Sake ɗagawa, ka mayar. Wanga ɗan motsi shi ke gaya wa kifi akwai abu mai rai kusa, wari kuma ya jawo shi. Kada ka yi ta kaɗawa kamar mai burga miya. In ka yi sau biyar ko shida ba labari, ɗaga ka gwada ɗaya gefen itacen. In nan ma shiru, ci gaba. Wannan fatsa ba ta zama wuri guda ba ce. Ƙafa ke nemo kifin.

Yaya za ka san ya ci? Karfasa tsakura take, tsat, tsat, sau da yawa ta cinye tana ta bar maka ƙugiya. Tarwaɗa kuwa ba ta wasa. Wani sa'i ka ji nauyi kawai, kamar ka kama tsumma. Wani sa'i ka ga zare na tafiya gefe shi kaɗai. Wani sa'i ma ka ji sandar ta yi sakayau, nauyin dalma ya ɓace: kifi ne ya ɗauka ya taso da shi. Kowanne ka gani, ɗan dakata kamar numfashi guda, sannan ka ɗaga sama da ƙarfi. Sama fa, ba gefe ba. Kada ka ba ta zare. In ka bar ta ta juya kai, za ta shige cikin saiwa ta naɗe, ka rasa kifi ka rasa ƙugiya.

In ƙugiya ta maƙale, kada ka yi ta ja. Saki zare, ka girgiza sanda, ka ja ta inda ta shigo. In ta ƙi, tsinke ka ɗaura wata. Kada ka shiga ruwan da ba ka san ƙasanshi ba don ƙugiya guda. Laka na riƙe ƙafa, kuma akwai ramukan da aka haƙa don yin tubali, da rijiyoyin lambu da ruwa ya rufe bakinsu. Shi ya sa bai kamata yaro ya tafi shi kaɗai ba.

Tarwaɗa na da ƙaya mai tauri a fiffikenta na dama da na hagu. Ka kama ta bayan kai, yatsunka na bayan ƙayar. Gaiwa kuma tana cizo, ka yi nesa da bakinta. In ƙugiya ta shige maka yatsa ta wuce ƙarinta, kada ka fizge, tafi gidan likita.

Akwai kuma tsargiya. Ƙwayar cutar na fitowa daga ƴan ƙananan katantanwa da ke manne a ciyawar ruwa, ta shiga ta fata. Mai daɗewa tsaye cikin tabki shi ta fi kamawa. Wannan ma dalili ne na yin doguwar sanda ka tsaya tudu. In ka ga jini cikin fitsari, naka ko na ɗanka, wannan ba alamar girma ba ce, cuta ce, kuma akwai ƙwayar maganinta gidan likita.

Wanda za ka mayar

Abin da ya sa tarwaɗa ke shigowa cikin ciyawa ba abinci kaɗai ba ne. Damana lokacin ƙwanta ne. In ruwa ya hau, da dare take bin bakin tabki ta zuba ƙwai a jikin ciyawa. In ka kama wadda cikinta ya yi tulu da farkon cikar ruwa, dubban ɗiya ke ciki. Karfasa kuwa cikin baki uwa ke riƙon ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Na san da wuya mai yunwa ya saki kifi. Amma tabkinmu ba kogi ba ne, ba inda wani kifi zai fito ya maye gurbi. Ƙanana ma da ba su kai tafin hannu ba, cire ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu ka mayar. Nan da watanni kaɗan sun zama na tukunya.

Fatsa guda ba ta ƙarar da tabki. Masu ƙarar da shi su ne masu jan gidan sauro cikin ruwa, da masu zuba maganin ƙwari na gona. Tun dokar kamun kifi ta 1998 an hana su da guba ko nakiya a Nijar, kuma kifin da guba ta kashe ba abin ba iyali ba ne. Tabkin da aka zuba wa kifi galibi yana da masu kula da shi, da lokacin rufewa da na buɗewa. Tambayi maigari ko sarkin ruwa kafin ka sa ƙugiya. Wannan ba sabon abu ba ne. Maƙwabtanmu Kabawa na Argungu, da bikin sunsu ya faro a 1934, su kan hana kowa taɓa ruwan Matan Fada sai ranar da aka ba da izni. In kuwa ruwan ya shiga gonar rake ko shinkafar wani, nemi yardar mai gona.

In an kawo gida

Ke uwargida, ga naki. Tarwaɗa na daɗewa da rai cikin jiƙaƙƙen buhu. Kifin ruwan laka kan zo da ɗan warin taɓo. In tana da rai, sa ta cikin babban kwano da ruwan rijiya, ki rufe da abu mai nauyi amma ki bar kafar iska, don in ta samu hanya fita take. Ta kwana ɗaya ko biyu, kina sake ruwan, warin zai ragu. Yauƙin jikinta kuwa toka ko lemun tsami ke fid da shi. Wadda ba za a ci yau ba, a fid da hanji, a sa gishiri, a lanƙwasa ta a soke da tsinke, a ɗora bisa hayaƙi mai sanyin wuta. Da damana iska na da laima, don haka a riƙa mayar da banda bisa wuta duk bayan kwana biyu, kada ta yi fumfuna kafin ranar kasuwa.