Yadda Haske Ke Tona Asirin Duwatsun Sama

Idan hasken rana ya ratsa gilashi mai kusurwa uku, sai ya watse ya zama launukan bakan gizo. A 1814 wani Bajamushe, Fraunhofer, ya lura akwai baƙaƙen layuka a tsakanin launukan. A 1859 Kirchhoff da Bunsen suka gano dalili: kowane sinadari yana da rabon hasken da yake shanyewa, wurin ya bar gurbi. Daga nan ilimin rarraba haske ya kafu.

Haka dutse ma yake. Rana ta haska shi, ya shanye wani ɓangare, ya mayar da sauran. Amfanin ya fi yawa a hasken da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani. Ma'adinin olibin yana shan haske a wajen maikiron 1 a ma'aunin tsawon zangon haske, fairoksin a wajen 1 da 2, ruwan da ke maƙale cikin ma'adinai kuwa kusa da maikiron 3. Da wannan ne a 1970 masana suka ce akwai fairoksin a jikin Vesta, ɗaya daga cikin manyan duwatsun da ke yawo tsakanin Mars da Jupita, tun daga nan duniya ta na'urar hangen nesa. Kumbon Dawn da ya isa can a 2011 ya gaskata su.

Masu sha'awar haƙar ma'adinai a sama ruwa suka fi nema, ba zinariya ba. Ana raba shi gida biyu, haidirojin da oksijin, a samu man roka da iskar shaƙa, ga kuma na sha. Ɗauko shi daga duniya kuwa tsada ce mai karya baya. An yi sa'a ruwa ba ya iya ɓuya wa haske. Kumbon Indiya Chandrayaan-1 da aka harba a 2008 ya ɗauki na'urar NASA mai taswirar ma'adinan wata, a 2009 ta nuna alamar ruwa a saman wata. A Oktoban 2009 aka tunkuɗa wani ɓangaren roka cikin ramin Cabeus kusa da ƙuryar kudancin wata, kumbon LCROSS ya karanta hasken ƙurar da ta tashi, ya ga ruwa a ciki. A Disambar 2018 kumbon OSIRIS-REx ya hango ma'adinai masu ruwa a jikin dutsen Bennu, giram 121.6 na ƙasar da ya kawo a 2023 kuwa ya tabbatar akwai laka mai riƙe da ruwa.

Sai dai haske fatar dutse kawai yake karantawa, kamar mai sayen hatsi da aka bari ya leƙa bakin buhu ba tare da ya zura hannu ba. Fatar ma tana yaudara. Iskar rana da ƙananan tsakuwoyi masu gudu suna dafa saman dutse shekaru miliyoyi, ya yi duhu, gurabun su dushe. An daɗe ana gardama a kan wannan kafin kumbon Japan Hayabusa ya kawo ƙurar dutsen Itokawa a 2010, aka ga abin a zahiri.

Ƙarfe ya fi komai wahala, domin baƙin ƙarfe da nikel ba sa barin gurbi bayyananne. Dutsen Psyche, wanda 'yan jarida ke yi wa kuɗi kamar an riga an kai shi kasuwa, an daɗe ana ɗaukarsa dunƙulen ƙarfe, amma nauyinsa bai wuce kusan rabin na tsantsar ƙarfe mai girmansa ba. Shi ya sa kumbon da NASA ta tura masa a Oktoban 2023 ya tafi da na'urar auna maganaɗisu da ta hasken gama da kuma kyamara, kuma sai 2029 zai isa.