Dare ya yi a Maradi, ina za a sauka?

Hajiya ta kawo aya daga Agie ko Gazawa, Alhaji ya taso daga Gidan Runji, magariba ta riske su a Maradi da kuɗin ciniki a jiki. To, ina za a kwana? Da can gidan fatoma ake sauka. Yanzu muna ganin 'yan kasuwa suna kama ɗaki a ƙananan otel na tsakiyar gari. Ba wata ƙawa: katifa ce da fanka. Shawararmu, ku riƙe katin shaida, ku gwada makulli, ku tambayi injin wuta saboda zafin Afrilu, sannan ku karɓi rasit. Gara a biya 'yan jikkuna da a wayi gari a tasha babu jari.