Zango da 'yan sanda: Doka ta ba wanda aka zalunta damar kai ƙara

A Nima da Mamobi, idan aka kama yaro da daddare, abin da iyaye suka saba yi shi ne su nemi wani mai faɗa-a-ji ya je ya roƙa. Da wuya ka ji an ambaci kotu. Alhali kuwa tsarin mulkin Ghana na 1992 ya tanadi wannan hanya.

Sashe na 14 ya ce dole a sanar da wanda aka kama dalilin kamun cikin harshen da yake ji, a kuma gaya masa yana da 'yancin ɗaukar lauya. Idan ba a sake shi ba, wajibi ne a kai shi kotu cikin sa'o'i 48. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da haƙƙin diyya, kuma sashe na 33 ya ba shi damar shigar da ƙara a Babbar Kotu.

A da, wanda aka kama ranar Juma'a kan kwana a rufe har Litinin, wai kotu ba ta zama. Lauya Martin Kpebu ya ƙalubalanci hakan, kuma a Disamban 2019 Kotun Ƙoli ta yanke cewa Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin sa'o'in nan. Ɗan kasuwar da aka tsare a hanyar Aflao ko Paga, kayansa na lalacewa a mota, ya riƙe wannan.

Al'ummar Zango ba su manta da watan Yulin 2018 ba, lokacin da 'yan sanda suka harbe matasa bakwai 'yan Asawase ta Kumasi a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Jama'a suka ƙi yarda. Kwamitin binciken da gwamnati ta kafa bai sami hujjar fashin ba, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya kowane iyali sidi 250,000.

Wanda ba shi da kuɗin lauya na iya kai kukansa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, CHRAJ, kyauta. Sai dai ya rubuta ranar kamun da lokaci, da sunan ofishin, ya nemi takardar likita idan an dake shi, ya kuma riƙe shaidu. Ƙarar da ba ta da hujja, ko alƙali ya tausaya, ba ta zuwa ko'ina.